Goɗiyata ta haihu cikin marka: wane suna zan sa masa, kuma in lulluɓe shi ko in bar shi?

Mai Goɗiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina tafe da albishir da tambaya biyu. Goɗiyata ta sauka lafiya jiya da daddare, ana tsaka da ruwa. Namiji ta haifa, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi, ƙafar baya ta hagu ma fara ce daga kofato zuwa sama kaɗan. Uwar ja ce 'yar Arewa, uban kuwa kili ne, wato farin doki, ɗan Sudan na wani maƙwabcinmu. Wannan ce haihuwar farko a hannuna, da can ingarma kawai nake riƙewa saboda hawan sallah.

Tambaya ta farko suna. Yara sun ce Akawal, sunan da ake kiran baƙin doki da shi, ni kuma raina ya fi kwanciya da Anaruwa tunda cikin ruwa ya zo. Ta biyun ita ce ta hana ni barci. Nan wajenmu gefen Zariya marka ta kankama, yayyafi ba ya ɗaukewa, kuma da asuba na tarar yana rawar ɗari. Akwai tsohon bargon ulu a ɗaki. In yanka in ɗaura masa da igiya, ko in bar shi haka? Inda suke rumfar kwano ce, gabas da kudu a buɗe.

Shugaban Zaure:
Wa'alaikumussalam. Barka da arziki, Allah ya raya shi, ya sa ka ci moriyarsa. Dattawanmu da likitarmu suna kusa, a taimaka masa da sauri don maganar ɗari ba ta jira.

Dakta:
Barka, Malam. Ajiye bargon tukuna ka amsa mini waɗannan. Ya miƙe da kansa? Ya kama nono, ka ga yana haɗiya da idonka, ba wai yana lalube a gindin uwar kawai ba? Ya yi kashin farko, baƙin nan mai tauri? Mabiyiya ta faɗo duka? Ƙa'idar da muke bi ita ce ya tashi tsaye cikin awa 1, ya sha nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. Ina tambaya ne saboda dukushin da bai ƙoshi ba shi ne ya fi yin rawar ɗari, kuma wannan bargo ba ya maganinsa.

Mai Goɗiya:
Ya tashi tun kafin in gama haɗa fitila, Dakta. Nono ma ya kama, na ga maƙogwaronsa yana motsi. Kashin ya yi da safe. Mabiyiyar ta faɗo, na binne ta, amma ban duba ko ta cika ba.

Dakta:
To alhamdu lillahi. Uwar sai ka sa mata ido kwana biyun nan. In ta ƙi abinci, ko jikinta ya yi zafi, ko ka ji wari daga bayanta, ko ta fara ɗage ƙafa kamar kofatonta yana mata ciwo, kira likita a ranar, don guntun mabiyiya a cikin goɗiya ya fi haɗari a kan na saniya nesa ba kusa ba.

Baban Barga:
Ɗana, Allah ya raya maka. Kada ka ɗaura masa bargon nan. Ina roƙonka. Tun ina yaro nake cikin dawaki, kuma abin da na gani da idona zan faɗa maka. Wani yaro da muke aiki tare ya tausaya wa dukushi cikin damina, ya yafa masa buhu ya zagaya igiya ta ƙarƙashin cikinsa. Dukushi ba ya kwanciya sau ɗaya ya zauna, yanzu ya kwanta yanzu ya tashi neman nono. Cikin dare buhun ya zame ya koma gefe, igiyar ta yi sako-sako, ya zura ƙafar baya a ciki wajen tashi. Da muka zo da asuba yana kwance a caɓi, ƙafar a lanƙwashe sama da cikinsa, igiya ta ci fatar cinyarsa har ta yi ja, uwar tana zagaya shi tana haniniya, nononta ya cika tam yana ɗiga don bai sha ba tun dare. Ya rayu, amma ƙafar nan ba ta ƙara daidaita ba.

Abin da zai yi maka aiki shi ne ka toshe gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, feshinsa kuma shi ne ke jiƙa dabba ko tana ƙarƙashin kwano. Sa zana biyu ka ɗaure da kyau, in kana da tamfol ka ƙara ta waje. Kudu ka tare rabi daga ƙasa, ka bar sama iska ta riƙa wucewa. Ka zuba yashi ƙasan ya yi tudu, ka haƙa 'yar kwata ta bayan rumfar, ka baza busasshiyar ciyawa mai kauri. In ya jiƙe ka goge shi da tsumma ko dunƙulen ciyawa har ya bushe. Sauran aikin na uwarsa ne.

Na Filin Polo:
Baba, da girmanka, ni ban ga laifin rufa ba in an yi ta daidai. Nan Kaduna dawakan Ajantina da muke kula da su muna sa musu riga da daddare, ba su taɓa maƙalewa ba. Dukushi ɗan kwana ɗaya ba shi da kitse ko kaɗan, fata ce da ƙashi. Mutumin nan ya ce ya ga yana rawar ɗari. A bar shi yana karkarwa don kawai kakanninmu ba su rufa ba?

Baban Barga:
Yaushe kuke sa musu, ɗana, da damina ko da hunturu?

Na Filin Polo:
Da hunturu ne, Baba, musamman waɗanda aka aske wa gashi.

Baban Barga:
To ka gani. Sanyin hunturu busasshe ne, abin da ka yafa da magariba haka za ka cire shi da safe. Bargon ulu cikin marka kuwa ruwa yake sha ya riƙe. Gashin doki yana da maiƙonsa, ruwa ya zuba ya gangare, in iska ta buga ya bushe. Ka ɗora masa jiƙaƙƙen bargo ka danne gashin, ka hana shi bushewa, ka kwana kana ganin ka yi masa gata.

Baƙon Ingila:
Barka da ƙaruwa, ɗan'uwa. Bari in faɗi yadda abin yake a nan, don hotunan da ake gani a intanet suna ruɗar mutane. Gaskiya ne ana sa wa 'yan dukushi riga a Ingila da Ayalan. Amma dubi dalili. Dawakan tsere na nan duk ranar 1 ga Janairu ake ƙara musu shekara, ko da wane wata aka haife su, shi ya sa masu kiwo suke ƙoƙarin haihuwa ta faɗo tsakanin Janairu da Afrilu. Wato dukushi yana faɗowa cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Rigar kuma ba bargo ba ce. Bayanta ba ya shan ruwa, cikinta yana fitar da gumi, an ɗinka ta daidai jikinsa, maɗaurinta yana ɓallewa in an ja da ƙarfi. Duk da haka kullum sai an cire an duba, kuma bayan 'yan makonni ta yi masa kaɗan. Masu kiwo da yawa a nan ma ba sa sawa, sai dai su shigar da uwa da ɗa ɗaki in ruwa ya haɗu da iska.

Na Jos:
Ni dai ina tare da na polo. Ku da ke ƙasa kuna magana ne da sanyinku. Ku zo Jos cikin Agusta ku ga hazo da yayyafi tun safe har dare, mutum da rigar sanyi yake yawo. Mu muna yafa wa ƙananan busasshen buhun algarara da daddare, mu ɗinke shi a ƙirji, ba igiya a ciki, da safe mu cire mu shanya.

Dakta:
Kowannenku yana da gaskiya a wani wuri, amma ba a wurin wannan dukushin ba. Na polo ya faɗi daidai cewa jariri ba shi da kitse. A kwanakinsa na farko, in yanayi ya sauka ƙasa da wajen digiri 20, yakan fara ƙona abin da ya sha don ya ɗumama jikinsa, daren marka a Zariya kuma yana kaiwa kusa da nan. In ya jiƙe iska tana bugunsa, abin ya ninka. Don haka sanyin ba ƙarya ba ne. Sai dai abin da ke kawo shi jiƙa ce da iska, su za a tare, kamar yadda Baba ya ce.

Akwai inda nake sa rufa da kaina: bakwaini wanda bai cika watanninsa 11 ba, maraya, wanda ya kasa tsayuwa, ko mara lafiya da ke kwance. Shi ma a cikin ɗaki busasshe, da mutum a kansa, kuma sai an goge shi ya bushe kafin a yafa. Abin da ɗan'uwanmu na Jos yake yi ya fi kusa da wannan, tunda babu igiya kuma yana cirewa da safe. Amma buhu in ya taɓa ruwa a cire shi nan take.

Abu na biyu da ba a ambata ba shi ne kirci. Ƙwayar cutar da ke sa wa shanu kirci da damina ita ce ke kama bayan doki in fata ta daɗe a jiƙe. Za ka shafa gadon bayansa ka ji ƙuraje-ƙuraje a ƙarƙashin gashi, in ka ja sai gashin ya taso tsumagiya-tsumagiya da ɓawo a gindinsa, ƙasan ja yana ruwa. Ba abin da wannan cuta take so irin ɗumi da laima a ƙarƙashin mayafi.

Malam Mai Goɗiya, ga yadda za ka san ko sanyi ya kama shi. Taɓa kunnuwansa da ƙafafunsa. Sa ɗan yatsa mai tsabta a bakinsa, ya kamata ka ji ɗumi kuma ya tsotsa. In za ka iya sayen ma'aunin zafi a kemis, zafin jikin dukushi mai lafiya daga digiri 37.5 ne zuwa 38.9. Sannan ka riƙa kallon hantsar uwar. Mai lafiya yana sha sau da yawa cikin awa guda, hantsar ba ta samun damar cika. In ka ga ta kumbura tana zubar da nono, ɗan ya rage sha, kuma wannan ita ce alamar farko ta kusan kowace cuta a jikinsa.

Inna Mai Kiwo:
Barka, Malam. Mu a gidanmu in dabba ta haihu cikin sanyi ana ɗan ba jaririn ruwan kanwa mai ɗumi ya wanke masa ciki, wasu ma suna tatse nonon farkon nan mai kauri su zubar, wai yana sa zawo. Dakta, doki ma haka ne?

Dakta:
A'a Inna, don Allah kada a yi ko ɗaya. Dakashin nan shi ne ran dukushi. Ana haifarsa ba tare da garkuwar jiki daga uwa ba, duk garkuwar a cikin dakashi take. Hanjinsa yana shanye ta sosai cikin awa 12 na farko, in an kai awa 24 ƙofar ta rufe, ko an ba shi daga baya ba za ta shiga jini ba. Shi ne kuma yake taimaka masa ya fitar da kashin farko. Ruwan kanwa kuwa, in aka ɗura wa jariri yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Kanwa a bar wa uwar, ita ma kaɗan.

Inna Mai Kiwo:
To madalla, na ƙaru. Sai maganar suna. Malam, ka duba unguwarku da kyau kafin ka ce Anaruwa. Sunan mutane ne, akwai dattawa masu amsa shi. Ranar da yaro zai leƙo ya ce Anaruwa ya tsinke igiya ya shiga gonar mutane, in akwai mai sunan a kusa ba zai ji daɗi ba, ko bai faɗa ba.

Mai Goɗiya:
Wallahi Inna kin tuna mini, akwai wani dattijo a bayan masallacinmu da ake kira haka. An bar wannan. To Akawal ɗin yara fa?

Baban Barga:
Kada ka yi gaggawa da Akawal. Ka ce ubansa kili ne, ka ce kuma ya faɗo baƙi wuluk. Wanda zai zama akawal na gaske ba ya cika faɗowa da baƙi mai sheƙi, yakan zo toka-toka, ƙafafu da ɗan haske, sai ya zubar da gashin jarirai ya rine. Wanda ya faɗo baƙi ƙirin kuwa, sau da yawa fari zai koma. Je ka buɗe idonka a kan fatar idonsa da gefen hancinsa da rana. In ka ga farin gashi ɗaiɗai a wurin, to ubansa ya biyo. Zai yi duhu, ya koma hurde mai dabbare-dabbaren fari, shekaru suna tafiya yana ƙara haske har ya zama kili. Sai a wayi gari kana kan farin doki ranar hawa ana kiransa Akawal.

Dakta:
Baba ya yi daidai. In ɗaya daga cikin iyaye kili ne, aƙalla rabi da rabi ne ɗan ya yi fari. Gashin jarirai yana fara zuba wajen wata 3 zuwa 4, daga fuska yake farawa, nan za a gane.

Baƙon Ingila:
Nan ma ba a gaggawar suna. Dokin tsere yakan shekara, wani ma ya kusa biyu, ana ce masa ɗan wance da sunan uwarsa, sai an zo yi masa rajistar tsere a raɗa. Sunan ba zai wuce harafi 18 ba har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ba a yarda ka ɗauki na wani shahararren doki ba. A Faransa kuma wasu jinsunan kowace shekara da harafinta, duk wanda aka haifa a shekarar da harafin sunansa zai fara.

Ɗan Maraɗi:
Barka da arziki ɗan'uwa. Mu nan abin da munka sani, doki sunanai ukku gare shi. Akwai na launi, wanda kowa ka kira, bidi ko gunya ko danda. Akwai na inda ya fito, kamar Ɗan Filinge da Narambaɗa ya yi ma waƙa, Filinge gari ne nan Nijar. Kana akwai wanda doki ka samo ma kainai a filin sukuwa, ranar da ya tsere ma 'yan'uwanai. Wannan na ukkun ba mai shi ka raɗa shi ba, 'yan kallo ne. Shawarata ka sa mishi gajere wanda baki ka iya ɗauka da ƙarfi, gaba biyu ko ukku, don doki amon suna shika riƙewa. In ka sa mai tsawo yara za su yanke shi, ba kuma yadda kake so ba.

Na Filin Polo:
Ni da nawa ne Jirgi zan sa masa, ko Walƙiya. Jinin Sudan ne fa.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Allah ya sanya albarka. Raɗa wa doki suna yana da asali, Imamu Buhari ya ware babi a kan sunan doki da jaki a littafin jihadi. A can aka ambaci dokin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai suna Luhaifu, da jakinsa Ufairu, da dokin Abu Ƙatada mai suna Jarada. Na Abu Ɗalha kuma Mandubu, wanda Annabi ya hau daren da aka ji wata ƙara a Madina. Malaman tarihi sun kawo Murtajizu da Lizazu da Wardu. Wanda ya sa na yi magana shi ne Sakbu, dokin farko da ya mallaka, an ce baƙi ne mai farin goshi da fari a ƙafa, sunan kuma daga kwararar ruwa aka ɗauko shi saboda gudunsa. Da na karanta siffar naka da daren da ya zo, shi ya faɗo mini a rai.

Mai Goɗiya:
Allahu akbar. Malam, wannan ya shige ni ƙwarai.

Inna Mai Kiwo:
Sunan yana da kyau, amma ni ina jin nauyinsa. Doki dabba ne, wata rana zai yi harbi ko ya yi cizo, yaron barga ya zage shi ya ɗaga masa bulala yana kiran sunan. Ni bakina ba zai iya ba.

Almajirin Malam:
Inna, ban san wani hani a kan hakan ba, sunan doki ne aka mayar wa doki. Abin da za a guje wa shi ne sunayen Annabawa da sahabbai da na mutanen da ake zaune tare. Amma abin da kika ji a ranki ladabi ne, ba zan ce ki bar shi ba. In mai shi ya san ba shi kaɗai zai riƙa kula da dokin ba, yana da kyau ya duba maganarki.

Na Jos:
Ku koma kan sanyin, jama'a. In ba za a rufa ba, a hura musu wuta a gefe mana. Hayaƙin ma yana korar sauro da ƙudaje.

Baban Barga:
Wuta muna hurawa, amma ba a cikin rumfar da aka toshe ba, ba kuma kusa da busasshiyar ciyawa ba. A wajen rumfa, ta inda iska za ta ɗebi hayaƙin ta wuce da shi ta bakin ƙofa. Dukushi bai san wuta ba, hancinsa yake kai wa komai.

Dakta:
Hayaƙi mai yawa yana cutar da huhun jariri, a yi shi sama-sama. Amma korar ƙwarin tana da muhimmanci, don cutar nan ta dawakan Afirka mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne ke yaɗa ta, suna cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma da damina suka fi yawa. A kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar ciyawa kullum, kada a bar ruwa ya kwanta kusa da turke.

Malam, saura abu biyu da suka fi bargo muhimmanci. Cibiya: ka samo ruwan aidin mai sauƙi ka sirka shi da ruwa mai tsabta, ka tsoma cibiyar sau 2 ko 3 a rana har kwana 3. Kada ka sa mai ƙarfin, yana ƙona fata. Kada a shafa toka ko kashin shanu ko man inji. Ta cibiya cuta take shiga ta sauka a gwiwa, ka ga dukushi ɗan mako biyu yana ɗingishi a ce uwarsa ce ta taka shi. Sannan, an yi wa uwar allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki, kafin ta haihu?

Mai Goɗiya:
Ba a yi ba, Dakta.

Dakta:
To nemi likitan dabbobi mafi kusa yau ɗin nan ya yi wa ɗan allurar kariya ta gaggawa, uwar ma a yi mata. Doki yana cikin dabbobin da tetanus ya fi kamawa, ƙwayar kuma a cikin ƙasa da kashin doki take zaune. Nan gaba a yi wa uwar tata saura mako 4 zuwa 6 ta haihu, sai kariyar ta biyo dakashi.

Shugaban Zaure:
Malam Mai Goɗiya, kwana biyu shiru. Yaya jaririn?

Mai Goɗiya:
Lafiya lau, ranka ya daɗe, aiki ne ya riƙe ni. Na sa zana a gabas na ƙara tamfol, na zuba yashi amalanke biyu, ƙasan ya tashi. Daren shekaranjiya an yi ruwa mai ƙarfi da iska, na fita da fitila na tarar yana kwance a kan ciyawa ya miƙe ƙafafu, uwar tana tsaye a kansa, na taɓa kunnensa da ɗumi. Rawar ɗarin ban ƙara gani ba. An yi musu allura su biyun. Cibiyar ta bushe ta ƙanƙance.

Baba, na duba idon da rana kamar yadda ka ce. Akwai farin gashi a fatar idon, siriri-siriri, ta sama. Yara ba su ji daɗi ba.

Suna kuma, na yi shawara da mahaifina. Ya ce sunan da Malam ya kawo ya fi kowanne, amma shi ma ya bi bayan Inna, don yaran unguwa ne ke taya ni yankan ciyawa da wanka. Mun tsaya a kan Ɗan Marka. Malam, ka yi haƙuri.

Almajirin Malam:
Babu komai wallahi, mahaifinka ya yi tunani. Allah ya albarkaci Ɗan Marka.

Ɗan Maraɗi:
Ya yi. Baki na ɗaukar shi. Ka fara kiran shi da shi tun yanzu duk sadda za ka ba uwar dusa, shi haɗa sunan da zuwanka.

Na Jos:
Allah ya raya. Ni dai har yanzu in a Jos ne sai na yafa masa buhu.

Na Filin Polo:
In hunturu ta shigo fa, Baba? Lokacin yana wata huɗu ko biyar.

Baban Barga:
Lokacin ya yi nama, ya yi sabon gashi, yana cin harawa. Zanar dai za a mayar arewa da gabas inda iskar take fitowa. In an kai lokacin a sake tambaya, mu ga jikinsa.

Mai Goɗiya:
Jama'a na dawo da wata. Yau kwanansa 9, tun jiya yake zawo, bayansa duk ya ɓaci. Amma yana shan nono yana tsalle-tsallensa. Sannan uwar ta fara neman namiji, maƙwabcina ya ce in kawo ta wurin kilin tun yanzu, wai wannan ne lokacin da ta fi saurin ɗauka.

Dakta:
Zawon nan sananne ne, yakan zo tsakanin kwana 7 zuwa 12, daidai lokacin da uwar take neman namiji na farko bayan haihuwa. Hanjinsa ne yake sabawa, za ka ga ma yana ɗan cin kashin uwar, kada ka hana shi. Muddin yana sha, yana wasa, zafinsa bai wuce 38.9 ba, ba ya bukatar magani. Ka wanke bayansa da ruwan ɗumi, ka goge ya bushe, ka shafa basilin don kada gashin wurin ya zube. In ya rage shan nono, ko zawon ya zama ruwa tsululu mai wari, ko ka ga jini, ko idonsa ya faɗa, ko ya wuce kwana 3 bai ragu ba, wannan wani abu ne daban, a kira likita ba tare da jira ba.

Maganar kai ta wurin namiji, ana yi, amma ni ba zan ba ka shawara ba a wannan karon. Ba a duba mabiyiyarta ba, ba mu da tabbacin mahaifar ta gama wankewa. Ka bar wannan ya wuce, bayan kamar mako 3 za ta sake nema.

Baban Barga:
Ka kuma yi lissafi, ɗana. In ta ɗauka yanzu, wata 11 zai sake kawo ka tsakiyar damina. In so samu ne ka jinkirta har wajen Nuwamba ko Disamba, haihuwa ta faɗo da kaka, ƙasa ta bushe, harawa ta shigo. Ranar da za ka kai ta kuma kada ka bar Ɗan Marka a sake kusa da ingarman, a samu mutum ya riƙe shi inda uwar za ta riƙa ganinsa.